Kurakuran da baƙi ke tafkawa ranar farko a cikin birnin Kano

Da wuya wata ya ƙare ban sami waya daga wani abokin karatu ko ɗan uwa ba, cewa ga shi nan tafe Kano da iyali, yana so in zaga da su cikin birni. Ina murna da haka, domin a cikin badala aka binne cibiyata. Abin da ya ishe ni shi ne shirin da suke zuwa da shi, kuma kusan iri ɗaya ne: a yi barci har hantsi, a karya kumallo ƙarfe sha ɗaya, a cika mota, a ga Dala da Kurmi da gidan Sarki da marina kafin la'asar, a wuce Kwari sayen atamfa. Bakina ya gaji da faɗa. Bari in rubuta, wanda ya sake kira in tura masa.

Babban kuskure shi ne hawan Dala da rana tsaka, kuma ni na fara aikata shi kafin in fara hana mutane. Ina saurayi kawuna ya zo mana daga Maraɗi cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Mahaifiyata ta ce in nuna wa ƙaninta gari. Ni kuma da rawar kai, sai da muka ci abincin rana na ce mu tafi Dala. Matakalar siminti ce, ta sha rana tun safe, zafinta har ta cikin takalmi kake ji. Ba mu ɗauki ruwa ba. A sama kuwa babu wata inuwar kirki, fili ne fetal. Muna isa ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai yaro, yawon buɗe ido ka kawo ni ko kashe ni za ka yi?" Na ɗauka wasa ne, na ci gaba da nuna masa Goron Dutse. Ina waiwayowa na gan shi zaune dirshan, idanu sun juye. Samarin unguwa biyu ne suka taimaka mini muka sauko da shi, aka kai shi asibiti, sai da ya sha ƙarin ruwa leda biyu. Kuɗin da na tara na ɗinkin Sallah a nan suka tafi. Mahaifiyata kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.

Tun daga ranar ba na hawa da baƙo sai bayan sallar asuba, gari ya fara wayewa. Wasu sun fi son bayan la'asar, ban hana su ba, amma ni safiya na zaɓa, kuma ko ta yaya kada magariba ta riske ku a sama. Kowa ya riƙe gorar ruwansa. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya zauna a gindin dutse, ba abin kunya ba ne. Sannan a duba lokacin shekara: a Disamba da Janairu hazo yakan rufe gari, ka sha wahalar hawa ka ga farin ƙura kawai. Ka fi more idonka a ƙarshen damina, sama ta wanke, ka hango hasumiyoyin Masallacin Juma'a da rufin gidaje har iya ganinka. Kuma don Allah kafin ka hau ka san inda kake taka. A nan aka ce Barbushe yake shiga wurin Tsumburbura sau ɗaya a shekara ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru, tun kafin Bagauda ya zama sarki a 999. Wanda bai san wannan ba zai ce tudun jar ƙasa kawai ya hau.

Na biyu, mota. Wannan ma na ɗanɗana kuɗata. Na ari motar yayana ranar wata Juma'a, na ɗauko baƙi daga Abuja, na ce zan yanke ta lungu in fito kusa da Kurmi. Lungunan cikin birni an yi su ne don mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Ina cikin kwana sai ga mai kurar ruwa a gabana, ga Adaidaita Sahu biyu a bayana, ga kwata a gefe. Ba gaba, ba baya. Ana cikin haka aka fara fitowa masallaci, tabarmi suka cika bakin hanya. Wani dattijo ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, kai baƙo ne?" Na ce, "A'a Baba, ɗan gari ne." Ya ce, "To ai naka ya fi muni." Mun fi awa biyu a wurin, Juma'a ta wuce mu, madubin gefe ya tafi, bango ya kankare ƙofar baya. Yaya bai yi faɗa ba, takardar kuɗin gyara kawai ya miƙo mini.

Yanzu abin da nake yi, mu ajiye mota a bakin babban titi wajen Gidan Makama ko Ƙofar Mata, mu shiga da ƙafa. In tafiyar da nisa mu ɗauki shatar Adaidaita, a yi ciniki a gama kafin a hau. Ranar Juma'a kuwa daga sha biyu zuwa bayan an sauko, ko dai kana cikin sahu ko kana gida. Kada ka sa ran ɗan acaɓa zai fitar da kai, an hana su ɗaukar fasinja a Kano tun 2013.

Yanzu bari in yi faɗa, domin wannan yana ƙona mini rai fiye da asarar madubi. Mutum ya shigo karofin Ƙofar Mata, babu sallama, babu sannu da aiki, ya zaro waya ya kafa wa dattijo a fuska yana tsoma zane a rini. Wa ya koya muku haka? A gidanku haka ake shiga? Wurin nan tun 1498 ake aiki a cikinsa, kuma mutanen da kuke gani sana'ar gidansu suke yi, da ita suke ciyar da iyali. Ka yi sallama, ka gaisa, ka tambaya ko za ka iya ɗaukar hoto. Za su ce maka bismilla, har su nuna maka yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rami a bar su su yi makonni kafin rini ya nuna. In ka gama ka sayi ko ɗankwali ne, ko ka ba da na goro. Ka leƙa wajen 'yan bugu ma, ka ji yadda suke jera dukan shadda kamar kiɗa. Haka dokar take a ko'ina cikin birni, kuma ta fi tsanani a kan mata da yara da makarantun allo. In an ce a'a, mayar da wayarka aljihu.

Tun da ina kan marina: sabon rini yana zuba. Wata baƙuwata ta saya da safe ta ɗaura da yamma, washegari wuyanta da farar rigarta duk sun koma shuɗi. Ni nakan jiƙa shi shi kaɗai a ruwan sanyi da ɗan gishiri, in ɗauraye sau biyu, in shanya a inuwa.

Wani kuskuren shi ne barin Gidan Makama sai ƙarshe, lokacin da ƙafa ta mutu, yara suna kuka. Ni da an sauko daga Dala, an ci gurasa bandashe, can muke nufa. A gidan ne Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya gina fadar da ake kira da sunansa, shi ne kuma sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ya kafa Kasuwar Kurmi. In ka ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da hotunan zuwan Turawa a 1903, sauran yawon duk zai yi maka ma'ana. Ka ɗaga kai ka dubi ɗaurin guga da azara a rufin soraye, yawancin baƙi ƙasa kawai suke kallo.

Gidan Sarki kuma gida ne da mutane ke zaune a ciki, ana fadanci, ana shari'a. Ba a kutsa kai. Ka tsaya a Ƙofar Kudu ka gaida dogarai, ka tambayi iya inda baƙo zai tsaya, inda aka ce a cire takalmi ka cire.

Masu zuwa da tunanin za su ga ganuwa ta kewaye gari cif, su rage buri. Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, amma ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da gine-gine sun cinye mafi yawanta, ƙofofi da dama kuma an sake su da siminti. Ni nakan kai mutane wajen Gadon Ƙaya zuwa Dukawuya da Kabuga, inda guntayen da suka rage za su nuna maka kaurin da take da shi a da. Ina kallonta raina yana ɓaci, amma wannan zancen wata rana ne.

A Kurmi, kada ka taya abin da ba ka da niyyar saya. In ka taya aka ce an sallama, ka ɗauka, janyewa rashin mutunci ne. In an ce "albarka" ba kora ba ce, ƙari ake nema. Duk wanda ya manne maka tun daga bakin kasuwa yana cewa zai kai ka inda ya fi araha, ka sani ladansa yana cikin kuɗin da za ka biya. Gara ka zo da ɗan gari, ko ka yi tambaya a rumfa ka bi da kanka, layin dukawa, na kayan doki, na turare, na littattafai. Ɓata a cikin Kurmi ba ya kashe kowa.

Sauran ƙanana ne. Riƙe canji a aljihu, tura kuɗi ta waya yakan maƙale. Takalmi mai rufi, saboda kwata. Sutura ta mutunci ga maza da mata. Kada ka yi ta yawo da waya a hannu a cikin cunkoso. Gidan Ɗan Hausa yana Nassarawa, wajen badala, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, kada ka cusa shi cikin yawon ƙafa, ba shi safiyarsa daban. Mai son kallon hawan Sallah ya tabbatar za a yi kafin ya sayi tikiti, domin a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi, kuma in Hawan Daushe kake so, tun azahar za ka nemi wurin tsayawa kusa da Ƙofar Kudu.

Kwari kuwa a bar ta sai washegari. Na taɓa shiga da baƙi mata uku ƙarfe goma na safe da alkawarin minti talatin, kiran sallar magariba ne ya fito da mu.