Daina cika shirinka da print, gwada umarnin p

Salamu alaikum 'yan uwa masu rubuta Python. Idan lissafi ya ƙi fita daidai, rubuta breakpoint() a layin da kake zargi. Shirin zai tsaya a nan, sai ka buga p da sunan abin da kake son gani.

Misali, p kudin_kaya zai nuna maka abin da ke ciki a daidai lokacin. Har lissafi yana yi: p kudin_kaya * adadi. Idan jerin dogo ne, yi amfani da pp, ya fi tsari. Shi breakpoint() ya zo tun Python 3.7 a 2018, amma har yanzu na ga yara a Kano suna ta zuba print, su sake kunna shirin, ga batirin laftof na ƙarewa an ɗauke wuta.

Sai dai a kula. Idan sunan abin c ne ko n, kada ka buga shi kaɗai, domin c da n su ma umarni ne, shirin zai wuce gaba. Sai p c.

Kuma p kaya.pop() zai cire abu daga jerin da gaske, ba dubawa kawai ba.