Yadda za ka gano ko masu zaɓe na fifita ɗan takarar jinsinsu

Duk lokacin da aka sanar da sakamakon zaɓen majalisa, sai ka ji ana cewa mata ba sa zaɓen 'yar'uwarsu mace. Maganar tana min ciwo, domin hukunci ne ake yankewa ba a saurari shaida ba. Ga hanyar da nake bi idan ina son sanin gaskiya.

Ka fara da takardar ƙuri'a kanta. A majalisar wakilan Sifaniya, jam'iyya ce ke jera sunayen 'yan takara, mai zaɓe ba shi da ikon taɓa jerin, don haka babu abin da za ka auna. A Amurka da Birtaniya kuwa, kowace jam'iyya mutum ɗaya take tsayarwa a mazaɓa. Macen da ta zaɓi namiji a can, wataƙila jam'iyyarta ta bi, ba shi ba. Inda na fi son dubawa shi ne Finlan: kujeru 200, kuma mai zaɓe da hannunsa yake rubuta lambar mutum ɗaya daga cikin 'yan takarar jam'iyya. Nan ne za ka ga ko mace mai zaɓe ta ɗauki mace alhali ga maza a jam'iyya ɗaya.

Kada ka ƙirga kujeru ka ce ka gama. Na taɓa faɗawa wannan ramin. A 2013 mata sun samu kujeru 51 cikin 80 a majalisar wakilan Ruwanda, amma 24 daga ciki doka ce ta keɓe musu. Adadin ya fi ba ka labarin tsarin mulki fiye da zuciyar mai zaɓe.

Tunda ƙuri'a sirri ce, sai ka nemi binciken jin ra'ayi na bayan zaɓe. Ka duba tambayar da aka yi. "Za ki iya zaɓen mace?" kusan kowa zai ce eh, ko don kunya. "Wa kika zaɓa?" ita ce mai amfani. Sannan ka ware masu riƙe da kujera gefe, domin galibinsu maza ne, sunansu ya riga ya shiga kunne. Ka gwada sabuwar 'yar takara da sabon ɗan takara.

Kuma ka auna maza da mudun da ka auna mata. A cikin masu zaɓe maza, nawa ne suka ga mace a jerin jam'iyyarsu suka tsallake ta?