Yadda ake ziyartar Petra da kwana a zangon Badawiyawa na Wadi Rum

Petra tsohon birni ne da aka sassaƙa a jikin duwatsu a kudancin ƙasar Jodan, Wadi Rum kuma hamada ce a kudu da shi. Mai fasfon Najeriya ya nemi bizar Jodan tun daga gida, kada ya dogara da samunta a filin jirgi. Lokacin tafiya kuwa, Maris zuwa Mayu ko Satumba zuwa Nuwamba ya fi. A Yuli da Agusta zafin rana yakan kai maki 40, a Disamba da Janairu kuma sanyin dare yakan kusan daskarar da ruwa.

Daga Amman, babban birnin ƙasar, zuwa garin Wadi Musa, wanda yake bakin Petra, tafiyar kimanin awa 3 ce ta babbar hanyar hamada. Ka kwana a can, ka shiga da sassafe da zarar an buɗe ƙofa, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Ka sayi tikitin kwana 2, domin bambancin kuɗinsa da na kwana ɗaya kaɗan ne, kuma wuni ɗaya ba ya isa.

Hanyar shiga wani tsagi ne a cikin dutse da ake kira Sik, tsawonsa kamar kilomita 1.2. Ka lura da gefen bangonsa, za ka ga magudanan ruwa da Nabatawa, mutanen da suka gina birnin, suka sassaƙa sama da shekara 2,000 da suka wuce. A ƙarshensa Al-Khazna take, wani gini da aka sassaƙa a jikin dutse, mai tsayin kusan mita 40. Mutane da yawa nan suke ɗaukar hoto su juya, alhali garin yana gaba. Ad-Dair, ginin da ya fi ta faɗi, sai an hau matakala wajen 800 kafin a kai gare shi. Ka fara hawan kafin ƙarfe 10 ko bayan la'asar, da takalmi mai kama ƙasa, don yashi a kan dutse yana da santsi. Idan hadari ya haɗo, ko ma'aikata suka ce a fita daga Sik, ka fita nan take. Ruwan da aka yi a kan tuddai yakan taru ya kwararo cikin tsagin ba tare da gargaɗi ba. A Nuwamban 2018 sai da aka kwashe dubban baƙi saboda ambaliya.

Daga Petra zuwa Wadi Rum bai cika awa 2 ba. Tun kafin ka taso, ka daidaita da mai zango a rubuce: awa nawa ne zagayen hamada a mota, ko akwai abincin rana da ruwan sha a ciki, ko tantin yana da banɗaki, kuma wa zai ɗauke ka daga ƙauyen Rum. Nan ne rigima take yawan tasowa, domin wasu zangunan suna sa kuɗin kwana da arha a intanet, sai su fanshe a kuɗin zagaye. Ka riƙe tsabar dinari, kuɗin Jodan, cikin hamada ba na'urar cire kuɗi, layin waya ma yakan ɗauke. Kada ka shiga yashi da motar haya, za ta kafe.

Zagayen da a-kori-kura ake yinsa, an sa benci a baya. Na awa 4 zuwa 5 ya wadatar ka ga kwazazzabon Khaz'ali mai tsofaffin rubuce-rubuce a jikin dutse, da gadar dutse ta Umm Fruth, da tudun jan yashi. Ruwa lita 3 zuwa 4 kowane mutum, ana kurɓa a kai a kai ko ba a jin ƙishi. Rawani ko mayafi yana tare rana da ƙura.

Abin da baƙi suka fi rainawa shi ne dare. Rana na faɗuwa sanyi ke sauka, irin na tsakiyar hunturu, saboda wurin tudu ne kuma busasshiyar iska ba ta riƙe zafi. Ka zo da rigar sanyi, safa, hula da tocila, ka nemi ƙarin bargo tun da magariba. Yawancin zanguna da hasken rana ko janareta suke aiki, don haka ka yi cajin waya da wuri. Da safe ka kakkaɓe takalminka kafin ka sa, saboda kunama.

Abincin dare zarb ne: naman rago ko kaza da dankali da albasa, a jera a kan ragar ƙarfe, a binne cikin rami mai garwashi na 'yan awanni. Idan an miƙo maka gahawa, ka karɓa da hannun dama. In ka ƙoshi sai ka ɗan girgiza kofin, in ba haka ba za a ci gaba da zubawa. Ruwan zango da tanka ake kawo shi daga nesa, saboda haka a taƙaita wanka da alwala. Alƙibla daga nan kudu take, ta ɗan karkata gabas, ba gabas sak ba kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa.