Kurakuran da masu org suka fi yi wajen gyara sauti da adana shi

Abin kiɗan lantarki mai maɓallai ɗin nan, mu a nan Gadarif org muke ce masa, kamar sauran mutanen Sudan, 'yan'uwanmu na Kano kuma su ce fiyano. Shekaruna da yawa ina kaɗa shi a gidajen biki, kuma yawancin asarar da na gani a wajen adanawa aka yi ta.

Wani yaro da nake koya wa ya kwana yana gyaran sautin algaita a org ɗinsa ƙirar Korg. Ya rage masa kaifi, ya sa masa 'yar rawar murya, har ya fito kamar ana busa a ƙofar fadar Maiurno. Da safe ya ce, "Kawu, zo ka ji." Kafin in cire takalmi ya leƙa wani sautin don ya kwatanta. Da ya dawo, algaitar ta koma yadda kamfani ya yi ta. Ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba.

Dalili shi ne, duk abin da kake murɗawa yana zaune ne a ma'ajiyar wucin gadi. Kunnenka na jin sa, amma na'urar ba ta rubuta shi ba. Ka sauya sauti ko wuta ta ɗauke, ya tafi. Don haka da zarar gyara ya fara daɗi, danna Write ko Save ko Store, duk wanda aka rubuta a taka na'urar, ka ajiye shi a gurbin da babu komai a ɓangaren User, sannan ka ci gaba. Ka ba shi suna da lamba: algaita 1, algaita 2. Sau da yawa gyara na biyar ya fi na tara kyau, kuma wanda ya yi ta rubutawa a gurbi ɗaya ba shi da hanyar komawa baya.

Kuskuren da ya fi wannan ciwo shi ne loda kayan wani a kan naka. Aboki ya ba ka filashi, ya ce akwai sabon tumtum da mardum (salon kiɗan Sudan) a ciki, kai kuma ka loda SET ɗin, wato jakar da ta haɗa sautuka da salon kiɗa, gaba ɗayansa. A Korg Pa wannan na iya danne sautukanka da salon kiɗan da ka tara. Ka fara yin Save All zuwa wani filashi dabam. Bayan nan ka buɗe SET ɗin abokin daga cikin org, ka zaɓi abin da kake so shi kaɗai, ka nuna masa gurbin da zai zauna. Kada kuma ka buɗe jakar a kwamfuta kana tsince fayiloli, domin sautin da aka gina da muryar da aka naɗa yana neman 'yan'uwansa a cikin jakar, idan bai same su ba sai ka danna ka ji shiru.

Masu Yamaha PSR tasu matsalar dabam ce. Maɓallan Registration guda 8 ɗin nan, masu dawo da tsarin da ka shirya da dannawa ɗaya, ajiye tsari a kansu rabin aiki ne, sai ka adana bankin a matsayin fayil. Sannan Registration ba ya haɗiye salon kiɗa, wurin da fayil ɗin yake kawai yake tunawa. Ka sauya masa suna ko ka mai da shi wata jaka, ranar biki ya neme shi ya rasa.

Akwai wani wanda ba a cika lura da shi ba. Org da yawa daga Masar ko ƙasashen Larabawa na gabar teku suke zuwa mana, da maɓallan muƙamai, wato tsarin sautukan kiɗan Larabawa, masu sauke sauti da santi 50, rabin tazarar da ke tsakanin maɓalli da na kusa da shi. A muƙamin rast, sautin mi da si ne ake saukewa. Waƙoƙinmu kuwa, na Hausa da yawancin na Sudan, a kan sauti biyar suke tafiya. Idan ka adana tsari alhali mi ɗin nan na sauke, mawaƙiya za ta yi ta kokawa da kiɗa, jama'a su ɗora mata laifi. Kafin ka adana, duba muƙami, duba Transpose, mai ɗaga ko sauke sautin org gaba ɗaya, ya koma sifili.

Gyara da abin sawa a kunne ma yana ruɗi. A ɗaki amsa-kuwwa mai yawa daɗi gare ta, amma a fili mai na'urar sauti zai ƙara tasa, sai kiɗan ya dagule. Rage ta, ka gwada a manyan lasifikoki, ka daidaita ƙarfin sautukan kada wani ya firgita mutane.

Batun wuta kowa ya san halin da muke ciki. Kada ka adana lokacin da janareta ke tari, kada ka zare filashi fitilarsa na ƙiftawa, sabon filashi kuma org ɗin ne zai yi masa fomat. Tsofaffi irin Yamaha DX7 na 1983 da Korg M1 na 1988, ɗan batir ne ke riƙe ma'ajiyarsu, don haka a kwashe sautukan zuwa kwamfuta ta wayar MIDI kafin a taɓa shi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, makaɗa da dama sun iso mana daga Khartoum da Madani, org ɗinsu na can baya. Wanda ya zo da filashi a aljihu ya ari org irin nasa, ya loda, ya ci gaba da neman abincinsa. Wanda ya bar komai a cikin na'ura kuwa daga farko ya sake. Ni yanzu duk ƙarshen wata nakan yi kwafi biyu, ɗaya a filashin da ba ya kwana a jakar org, ɗayan kuma in dunƙule jakar ta zama zip in tura wa ƙanena da ke Jidda ta WhatsApp.