Allon bakin ƙofa: ma'ajiyar ƙananan kaya da gwangwani da katako

Kafin ki fara tara gwangwanaye, zauna ki lissafa abubuwan da ake yawan cigiya a ɗakinki da safe. A wurina makulli ne, da katin asibitin yara, da cajar waya, da almakashi, da rasit ɗin kuɗin wuta. Naki zai iya bambanta. Su kaɗai za ki yi wa mazauni. In kika ce kowane tarkace sai ya hau, allon zai zama juji a jikin bango.

Ki nemi katako mai faɗi, tsawonsa kamu ɗaya da rabi ya isa. Ƙyauren tsohuwar kwaba yana yi, haka ragowar filawud a shagon kafinta. Ki ƙwanƙwasa shi a ƙasa tukuna. In gari ya zubo, ƙwari sun riga ki, sai ki bar shi a hura wuta. Kwali kam ba na ba da shawararsa ko kaɗan. Da damina ta kankama zai sha danshi ya saki, kuma kyankyasai suna son kwana a cikinsa.

Gwangwanin Milo ko Nido shi ya fi dacewa, don bakinsa ba kaifi. Na tumatir da na madarar ruwa su ne masu buƙatar aiki, kuma a nan nake roƙon ki da ki yi haƙuri. Ki wanke da ruwan zafi da sabulu, ki kife a rana har ya bushe ƙarau, in ba haka ba tsatsa za ta ci gindinsa. Sannan ki kwantar da shi a kan dutse, ki bi bakin da guduma a hankali kina juyawa, har kaifin ya kwanta. Kada ki gwada da yatsa. Ki zagaya bakin da ƙyalle. In ya kama zare ko da ɗaya ne, da saura. Hannun yaro ne zai shiga wurin nan wata rana yana laluben fensir.

Wajen huda, ki cusa guntun itace a cikin gwangwanin don kada ya lotsa, ki buga ƙusa kusa da baki. Huda biyu, gefe da gefe, ta nan za a kafe shi a jikin allon. Mai huda ɗaya lilo yake yi, ya zubar da kaya.

Takardu kuwa jarkar man girki ta lita 5 ce tasu. Ki yanke saman a karkace, bayan ya fi gaban tsawo, ta bayan za a kafe ta. Toka da ruwan zafi suna cire maiƙon. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshin gona kada ta shigo ɗaki, ko sau nawa aka wanke ta.

In kina son ado, tela yana da ƙyallayen atamfa da yake sharewa kullum. Ki naɗe gwangwanayen da su, ki liƙa da farin gam na kafintoci irin Top Bond. Wasu suna dama sitaci su liƙa, amma sitaci abinci ne ga kyankyaso da ɓera.

Jerawar ita ce abin da na fi damuwa da shi. Sama can, inda yaro ba zai kai ba ko ya taka kujera 'yar tsugunno: magani, reza, ashana, almakashi. Tsakiya, daidai kafaɗarki: ƙusoshi uku ko huɗu da aka lanƙwasa kansu sama don makullai, gwangwanin caja, da jarkar takardu. Ƙasa na yara ne, fensir da biro da mataji, su ɗauka da kansu su mayar da kansu. Katin rigakafi da na asibiti ki sa su a leda kafin su shiga jarka. Takardar haihuwa da takardun makaranta ba nan ne wurinsu ba, su zauna a akwati. Kuma allon ya yi nesa da risho da tagar da rana ke shigowa, don zafi yana lalata magani.

Bangon bulo sai ƙusar kankare, ta katako lanƙwashewa take. Bangon ƙasa yana son doguwar ƙusa a buga ta tana kallon ƙasa. In gidan haya ne kuma mai gida ba ya son a huda masa bango, ki huda kusurwa biyu na saman allon, ki ɗaure da waya mai kauri a bayan ƙofa. Kafin ki zuba kaya, ki ja allon da hannu da ɗan ƙarfi ki ga ko zai motsa.

Da hunturu ƙura za ta cika gwangwanayen. Ki kafa tsohon ɗankwali a saman allon da ƙananan ƙusoshi, ya sauko ya rufe sahun sama da na tsakiya, ki bar makullai a waje ta gefen da hannu ke kaiwa in an shigo.