Ga masu son kama haya a cikin jirgin ruwa a Landan

Bana kaɗai ƙannena uku daga gida sun zo mini da magana ɗaya: sun ga tallar ɗaki cikin jirgin ruwa a Facebook, ya fi na tudu araha, za su tura kuɗi. Biyu sun ji maganata. Ɗaya ya tura tun kafin ya ga jirgin da idonsa, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Zaman ruwa ba abin rainawa ba ne. Ku je Wapping, gab da gadar Tower, ku ga tsofaffin jiragen dakon kogin Tems da na ƙasar Holan. Na Tems ɗin, masu jan filafilai, a da mutum biyu kacal ke tuƙa su maƙare da bulo ko hatsi ko ciyawar dawaki. Yau iyalai ne a ciki, sun haɗa kai suna kula da matsayarsu da kansu. Ni a kogin Lea nake, cikin tsohon jirgin dakon kwal, kuma ban taɓa ganin maƙwabtaka irin ta mutanen ruwa ba. Injinka ya mutu, kafin ka buɗe baki wani ya iso da sifana.

Hura murhu, cika tankin ruwa, kai tukunyar bayi wurin zubarwa, sake duba alƙibla duk inda ka ɗaure, waɗannan mako biyu sun ishe ka ka iya.

Takardu ne suka kayar da ni. Kogin Lea da kanal ɗin Regent's (hanyar ruwa ce da aka haƙa) suna hannun hukumar Canal & River Trust, kuma kowane jirgi sai da lasisi, da inshora, da takardar lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara 4. Wanda ba shi da matsaya ta dindindin, dole ya tashi bayan kwana 14 ya yi gaba. Irin wannan jirgin ba a yarda a ba da shi haya ba, hayar tana da nata lasisin daban. Ni ban san haka ba. Na ba wani mutum kuɗin wata biyu da na ajiya, hannu da hannu, ya ce in an tambaye ni in ce ni abokinsa ne. Ranar da aka liƙa masa takardar gargaɗi a taga, ya ba ni kwana uku in kwashe kayana, a tsakiyar Janairu. Da na nemi shawara aka gaya mini kariyar da doka ke ba ɗan hayan gida yawanci ba ta kai ga jirgi. Kuɗin ajiyar nan ko fam ɗaya ban sake gani ba.

Ga kuma adireshi. Likitan unguwa zai yi maka rajista ba tare da shaidar adireshi ba, amma banki da ofishin shige da fice suna son wurin da wasiƙa za ta same ka. Ka roƙi ɗan'uwa mai gida a tudu tun kafin ka tare.

Don Allah, kafin ku ba kowa sisi, ku ce ya nuna muku lasisin haya da takardar matsaya, sunansa a jiki. In ya ce zai turo daga baya, ku riƙe kuɗinku.