Kayan jariri: abin da za ki fara haɗawa kafin naƙuda ta zo

'Yar uwa in cikinki ya shiga wata 7 to ki fara haɗa jaka, kar ki ce sai watan haihuwa ya kama, naƙuda ba ta sallama kuma wasu yaran bakwaini suke zuwa. Abu na farko ki tambayi nas ɗin da ke miki awo ta ba ki lis ɗinsu, kowane asibiti da nasa, amma galibi ba ya wuce safar hannu, ledar shimfiɗa, audugar mata manya irin ta masu jego, ƙugiyar ɗaure cibiya, sabuwar reza a takardarta, sabulu, Dettol ko Jik, auduga, da zannuwa. Zannuwan nan tsofaffin atamfofinki da suka sha wanki sun fi sabuwa, sabuwa tana da kauri da sitaci, ta kankare fatar yaro. Ki wanke guda 4 ko 5 ki shanya a rana ki goge ki ninke.

Inda mata ke zubar da kuɗi shi ne kayan sawa. Mace ta shiga Sabon Gari ko Kwari ta ga 'yan riguna masu leshi da ƙananan takalma sai hankali ya tashi, wallahi jaririn sati ɗaya ba abin da zai yi da takalmi. Ki sayi riguna masu laushi na auduga kamar 6, waɗanda ake ɓalle su ta gaba ko ta ƙasa don kar ki dinga murɗa masa wuya wajen sawa, hula 2, safa, shawul ɗaya mai kauri ɗaya marar nauyi, tawul nasa shi kaɗai. Sauran 'yan barka za su kawo kafin suna har ki rasa inda za ki zuba, kuma kafin wata 2 rabinsu sun matse shi. In aljihu ba nauyi gwanjon Ƙofar Wambai ba abin kunya ba ne, ki dai wanke da ruwan zafi ki shanya a rana. Ki duba lokaci ma, haihuwar hunturu tana son rigunan sanyi, amma a zafin Afrilu kar ki naɗe yaro kamar alkaki ƙuraje su feso masa.

Pampers kar ki jibge ƙaramin lamba, fakiti ɗaya ko biyu ya isa tukunna har ki ga girman yaron. Jariri sabo yana iya ɓata 8 zuwa 10 a rana, shi ya sa da yawa suke haɗawa da nafkin na wanki da rana, Pampers da dare ko in za a fita. Ki haɗa da Vaseline marar ƙamshi ko man zaitun. Hoda kuwa ni ban ba da shawara ba, ƙurarta yake shaƙa. Kwalli ma ki bari, wasu akwai dalma a ciki.

To batun cibiya, nan ne nake so ki tsaya sosai. Ki sayi man cibiya kulohekzidin, a kemis za ki ji ana ce masa Chlorxy-G, ɗan ƙaramin tub ne, ki wanke hannu ki shafa a kan cibiyar yadda nas ta nuna miki, kuma dan Allah kar ya kusanci ido, an samu yaran da suka makance don an ɗauka maganin ido ne. Ba makilin, ba toka, ba gishiri, ba gashi da tsumma mai zafi ko da kaka ce ta ce haka aka yi wa babansa, ki lallaɓa ta da girmamawa ki ce likita ya hana. Ki naɗe bakin Pampers ƙasa da cibiyar ta sha iska, da kanta za ta faɗi cikin sati ɗaya zuwa biyu. In ta yi ja ko wari ko ruwa, ko yaron ya ƙi kama nono, asibiti kawai.

A gida kuma ki tanadi baho, soso mai laushi, fulas na ruwan zafi, fitila mai caji saboda NEPA, da gidan sauro, wannan dole ne. Fida da madarar gwangwani ki bar kuɗinki sai in likita ya ce, nono zalla har wata 6, kuma dakashin farko mai ruwan ɗorawa ɗin nan kar a matse a zubar, a ba shi cikin awar farko.

Katin awo ki sa a aljihun jakar na waje, kafin a sallame ku ki tambayi rigakafin ranar haihuwa, BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta. Maigida kuma ya ware kuɗin ko-ta-kwana, ya riƙe lambar mai mota ko mai adaidaita da zai ɗaga waya ƙarfe 2 na dare, a kuma san ɗan uwan da zai ba da jini in an buƙata.